Filin Tambaya da Amsa: Feɗe Taurari da Jigo a Gajerun Labarai da Waƙoƙin Soyayya

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun karkata ga nazarin adabi, mafi yawansu kuma daga ɗalibai da malamai suke. Mun zaɓi biyar waɗanda amsar ɗaya ke haska ɗaya, mun kuma taƙaita wasu daga cikin tambayoyin ba tare da mun taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An ba mu gajeren labarin nan na Mofasan a kan sarƙar wuya, aka ce mu fito da jigonsa. Na rubuta cewa jigonsa shi ne kwaɗayi mabuɗin wahala, amma malaminmu ya rubuta a gefen takardata cewa wannan darasi ne, ba jigo ba ne. Ina bambancin yake? (Daga wata ɗalibar jami'a)

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Malaminki yana da gaskiya, kodayake abin da kika rubuta ba shirme ba ne. Bari mu tuna wa masu karatu labarin tukuna. Gi da Mofasan, marubucin Faransa, ya fitar da shi a wata jaridar birnin Faris a shekarar 1884. Matilda kyakkyawa ce da aka haifa a gidan masu ƙaramin ƙarfi, ta auri Luwazel, ƙaramin akawu a ma'aikatar ilimi, kuma kullum tana ganin cewa an halicce ta ne domin rayuwar da ta fi wadda take ciki. Da mijin ya samo musu katin gayyata zuwa liyafar minista, sai ta ce ba ta da abin sawa; ya ba ta faran 400 (kuɗin Faransa na lokacin) da yake tarawa domin sayen bindigar farauta ta yi riga, sannan ta aro sarƙar lu'ulu'u daga ƙawarta mai arziki, Madam Forestiye. A daren liyafar sarƙar ta ɓace. Maimakon su faɗi gaskiya, sai suka sayo irinta a kan faran 36,000, rabi daga gadon da mahaifin mijin ya bar masa, sauran kuwa bashi mai ruwa, suka shafe shekara 10 suna biya. Bayan sun gama, Matilda, wadda wahala ta riga ta tsofar, ta gamu da ƙawar tata a hanya ta kwashe komai ta gaya mata, ita kuwa ta sanar da ita cewa sarƙar da ta ara mata jabu ce, kuɗinta bai wuce faran 500 ba.

To, karin maganar da kika kawo hukunci ne da kika riga kika sani tun kafin ki buɗe littafin, kuma za ki iya liƙa shi a kan labarai ɗari ba tare da ya ƙi zama ba. Darasi rigar kasuwa ce mai shiga jikin kowane labari, jigo kuwa ɗinki ne da aka auna wa labari guda. Hanyar gwada shi ita ce a tambaya ko abin da aka kira jigo ya ɗauki dukan sassan labarin, ko kuwa ya bar wasu a waje. Da manufar Mofasan ita ce nuna sakamakon kwaɗayi, da ya tsaya a shekaru goman nan na wanke-wanke da ɗibar ruwa da cinikin kwabo da kwabo, domin horon ya riga ya cika a nan. Me ya sa ya ƙara maganar cewa sarƙar jabu ce? Amsarki ba ta da abin cewa a kan wannan jimla, alhali a kanta aka ɗora labarin gaba ɗaya.

Ki koma ki duba abubuwan da marubucin ya dasa a hanya. A wurin liyafar, Matilda ta fi kowace mace haskawa, har minista ya lura da ita, kuma a duk manyan mutanen da ke wurin babu wanda ya gane cewa gilashi ne a wuyanta. Da suka kai akwatin sarƙar wurin mai sayar da kayan ƙawa wanda sunansa ke jiki, ya ce musu shi akwatin kawai ya sayar, ba sarƙar ba, amma suka kasa tsayawa su yi tunani a kan wannan magana. Da aka mayar wa Madam Forestiye da sarƙar gaske, ko buɗe akwatin ba ta yi ba. Abu uku ke nan da ke nuna abu guda: a duniyar labarin, darajar abu tana rataye ne ga zaton mutane, mai kuɗi na iya sa jabu a ɗauka na gaske ne, talaka kuwa ba ya ma iya kawowa a ransa cewa mai kuɗi zai sa jabu.

Akwai kuma zare na biyu da ke fitowa daga halin tauraruwar. Da asuba, lokacin da mijin ya yafa mata tsohon mayafinta, sai ta ruga waje domin kada matan da ke sanye da tufafin alfarma su gani, wannan gaggawar ce ta jefa su cikin neman abin hawa a titi. Bayan ɓatan sarƙar, mijin ne ya sa ta rubuta wa ƙawar cewa maɓallin sarƙar ya karye ana gyarawa. Ashe abin da ya cinye musu shekara goma ba son sarƙa ba ne, domin dare guda kawai ta aro ta. Gudun kunya ne, da kasa furta jimla guda mai sauƙi cewa abin ya ɓace. Kuma kada ki manta cewa mai ba da labarin da kansa ya ce ta rungumi biyan bashin da jarumta, sannan sa'ad da take shaida wa ƙawar abin da ta yi, murmushin alfahari take yi. Macen da kwaɗayi kaɗai ya siffanta ba za ta yi wannan ba.

A ajin nazari an saba a ambaci jigo da kalma guda, a ce soyayya ko wa'azi ko talauci. Wannan rabe-rabe ne mai amfani wajen jera ayyuka, amma batun da ake magana a kai kawai ya faɗa. Idan aka zo warwarar jigo, abin da ake so shi ne cikakkiyar jimla mai faɗin abin da wannan labari ya nuna game da batun, wadda za ki iya karewa da layuka daga cikinsa. Da ni ne ke, da sai in ce labarin yana nuna yadda mutanen da suka ɗora ƙimarsu a kan idon jama'a ke iya sadaukar da rayuwa ta gaske domin kare abin da tun farko ƙarya ne. Wata na iya tsara tata jimlar daban kuma ta yi daidai, muddin ƙarshen labarin ya samu wurin zama a cikinta.

Tambaya: Malam, ina koyar da adabi a makarantar sakandare. Idan na ce wa yara su bayyana halin tauraro, sai su jero mini sifofi: mai haƙuri ne, mai kirki ne, mai son kai ne. Gajeren labari kuma ba ya ba da tarihin mutum kamar yadda dogon ƙagaggen labari ke yi. Daga ina za su samo hujja? (Daga wani malami)

Amsa: Malam, gajartar labarin ita ce ma babbar mataimakiyarka. A shekarar 1842 Edga Alan Po, marubucin Amurka, ya yi wani sharhi da har yau ake komawa gare shi, inda ya ce gajeren labari abu ne da ake karantawa a zama guda, kuma marubucinsa yana ƙudurta tasiri guda ne a zuciyar mai karatu, ta yadda bai kamata a samu ko kalma ɗaya da ba ta yi wa wannan manufa aiki ba. Ba kowane marubuci ne ya bi wannan ƙa'ida sau da ƙafa ba, amma tana ba ɗalibi izinin ya tuhumi kowane ƙaramin abu: me ya sa aka ambaci wannan, alhali babu filin ɓarnatarwa?

Misalin da na fi so yana cikin labarin Anton Cekof na ƙasar Rasha, wanda ya fito a 1899, game da wata mata mai yawo da ɗan ƙaramin kare. Gurof ma'aikacin banki ne a Mosko, bai cika shekara arba'in ba, yana da mata da 'ya'ya uku, ya saba cin amanar aurensa, kuma idan ana hira yana kiran mata ƙasƙantaccen jinsi, kodayake ba ya iya kwana biyu ba tare da su ba. A Yalta, garin shaƙatawa na bakin teku, ya haɗu da Ana, matar aure mai ƙuruciya. Bayan abin da ya auku tsakaninsu, tana zaune cikin nadama tana ganin ta zubar da mutuncinta, shi kuwa sai ya yanki kankana da ke kan tebur ya shiga ci a hankali, aka yi kusan rabin sa'a babu mai magana. Cekof bai rubuta cewa Gurof mutum ne marar tausayi ba. Ya ba shi kankana ne a daidai lokacin da ake bukatar ya ce wani abu, ya bar mai karatu ya gani da idonsa. Ɗalibin da ya rubuta cewa Gurof mai son kai ne bai yi kuskure ba, amma wanda ya kawo kankanar ya nuna cewa ya karanta.

Abin da ya sa wannan tauraro ya zama abin nazari shi ne bai tsaya a nan ba. Ya koma Mosko yana zaton zai manta da ita cikin wata guda kamar sauran, sai abin ya ƙi. Wata rana da dare, suna fitowa daga kulob, ya kasa daurewa ya fara gaya wa wani abokin wasansa cewa ya haɗu da wata mace mai ban sha'awa a Yalta. Mutumin ya hau abin hawansa, sannan ya waiwayo ya ce masa lallai ya yi gaskiya ɗazu, kifin da aka ci ya ɗan fara wari. Wannan amsa ta ƙona wa Gurof rai ƙwarai. A lura da yadda marubucin ya juya abin: wanda ya amsa kukan zuciya da cin abinci, ga shi an amsa nasa da zancen abinci. Daga nan ne ya fara ganin rayuwarsa ta fili a matsayin fanko, har ya bi Ana garinsu, har zuwa ranar da ya hangi furfurarsa a madubi ya gane cewa sai yanzu, da tsufa ya fara kama shi, ya so wani mutum da gaske. Labarin ya ƙare ba tare da mafita ba, su biyun suna sane da cewa mafi wuyar al'amarin yanzu ne zai fara.

Saboda haka ka hana yara fara amsa da sifa. Su fara da aiki: me tauraron ya zaɓa a lokacin da zaɓin ke da tsada a gare shi, kuma ina ne maganarsa ta saɓa wa aikinsa? Sifar ta biyo baya a matsayin sakamako.

Zai kuma taimaka ka koya musu rabon da marubucin Ingila I. M. Fosta ya yi a laccocinsa na Jami'ar Kambirij a 1927, inda ya raba taurari gida biyu: mai fuska ɗaya, wanda ake iya taƙaitawa a jimla guda kuma ba ya sauyawa, da mai fuskoki da yawa, wanda ke iya ba mai karatu mamaki ta hanyar da za ta gamsar da shi. Sai dai ina gargaɗi, domin ɗalibai kan ɗauka cewa na farkon aibi ne. Gizo na tatsuniya fuska ɗaya gare shi, kuma da zai tuba ya daina wayo da tatsuniyar ta mutu. Luwazel, mijin Matilda, wanda ke buɗe kwanon miya yana yabawa kamar babu abin da ya fi ta daɗi a duniya, kusan haka yake, amma wadatar zucinsa ce ma'aunin da muke gane rashin natsuwar matarsa da shi. Haka nan miji da matar da ke cikin labarin marubucin Amurka O. Henri na 1905, inda Dela ta sayar da gashinta dala 20 domin ta saya wa Jim sarƙar agogo, shi kuma ya sayar da agogon domin ya saya mata matazan gashi: ba su da zurfi, kuma marubucin da kansa ya fito a ƙarshe ya bayyana abin da yake nufi. A ganina wannan bayani ya rage wa labarin ƙarfi, amma ya sa ya dace da masu fara koyo. Ka fara musu da shi, sannan Mofasan, ka ajiye Cekof sai sun ƙware.

Tambaya: Shin nazarin tauraro irin wannan mai neman matan aure ba yarda da aikinsa ba ne? Me ya sa marubucin bai la'ance shi a fili ba? (Daga wani mai karatu)

Amsa: Ɗan'uwa, an yi wa Cekof irin wannan ƙorafi tun yana raye. A wata wasiƙa da ya rubuta wa mawallafinsa Suborin a 1890, bayan an zarge shi da rashin nuna fushi ga ɓarayin dawaki da ya siffanta a wani labari, ya amsa cewa an daɗe da sanin satar doki laifi ce ba sai shi ya faɗa ba, aikinsa shi ne ya nuna irin mutanen da suke, hukunci kuwa na masu shari'a ne. Ba dole ne ka yarda da shi ba, kuma marubuta da yawa masu daraja sun zaɓi su faɗi hukuncinsu ƙarara. Amma fahimtar yadda mutum ya faɗa cikin ɓarna daban take da wanke shi, kuma labarin bai ɓoye kuɗin da aka biya ba: ƙarya a gida biyu, hawayen Ana, da rayuwar ɓoye wadda babu ranar fita daga cikinta. Mai nazari ya fara bayyana abin da ke kan takarda da adalci, sannan ya faɗi ra'ayinsa a wuri na daban, ya kuma sanar da mai karatu cewa ra'ayinsa ne.

Tambaya: Malam, a labari na gane su wane ne taurari. Amma a waƙar soyayya fa? Na ɗauka tauraruwar ita ce wadda ake yabo, sai na tarar babu abin da zan rubuta a kanta ban da idanu da gashi da tafiya. (Daga wani ɗalibin kwalejin ilimi)

Amsa: Abin da ka tarar shi ne gaskiyar al'amarin, kuma ka kusa kai wa ga amsar da kanka. A mafi yawan tsofaffin waƙoƙin soyayya, babban tauraro shi ne mai magana, ita kuwa wadda ake so ana ganin ta ne kawai ta cikin idonsa. Farancesko Fetraka, mawaƙin Italiya, ya bar waƙoƙi 366, mafi yawansu a kan wata mai suna Laura, wadda ya ce ya fara gani a wata majami'a a birnin Abinyon ranar 6 ga Afrilu, 1327, ta kuma rasu a 1348. Bayan duk waɗannan waƙoƙi, abin da mai karatu ya sani game da ita bai wuce gashi mai ruwan zinariya da idanu masu haske da kamun kai ba, har wani abokinsa ya taɓa zolayarsa cewa ƙirƙiro ta ya yi. Amma shi mai maganar mun san shi ciki da waje: mutum ne da ya rabu biyu tsakanin son mace da son ɗaukaka da tsoron Ubangiji, yana kukan ciwonsa kuma ba ya son ya warke.

Idan kana so ka ga yadda halin mai magana ke bambanta waƙoƙin da batunsu ɗaya ne, ka ɗora mawaƙan Larabawa biyu na ƙarni na bakwai gefe da gefe. Jamilu, na ƙabilar Uzra, ya ƙare rayuwarsa yana waƙar mace guda, Busaina, wadda aka aurar wa wani. Mai magana a waƙoƙinsa mutum ne da ya mayar da rashi ya zama amana, ba ya neman komai sai ya ci gaba da so. Umar ɗan Abu Rabi'a, Baƙuraishen Makka, waƙoƙinsa cike suke da hirar mata, sau da yawa su ne ke zancensa a tsakaninsu suna aika masa saƙo, har an ruwaito cewa wani abokinsa ya ce masa shi fa kansa yake yi wa waƙar bege, ba su ba. Dukansu biyu za a rubuta musu soyayya a gurbin jigo, amma ɗaya yana nuna so a matsayin haƙuri da hani, ɗayan kuma a matsayin wasa da jin daɗin zama abin so.

Sannan ka kiyaye kada ka ɗauka cewa mai magana shi ne mawaƙin. Robat Buraunin na Ingila ya wallafa wata waƙa mai ɗango 56 a 1842, wadda daga farko har ƙarshe bakin wani basaraken birnin Ferara na Italiya ne ke magana. Yana nuna wa manzon gidan da zai auri 'yarsu zanen marigayiyar matarsa, wanda ke bayan labulen da shi kaɗai ke yayewa. Da farko sai ka ɗauka bege ne na wanda ya yi rashi. A hankali sai ƙorafinsa ya fito: tana yi wa kowa murmushi, faɗuwar rana da reshen 'ya'yan itace da wani ya tsinko mata suna faranta mata rai kamar yadda kyautarsa ke yi, ba ta fifita sunan gidansu mai shekara 900 a kan kyautar kowa ba. Sai ya ce ya ba da umarni, murmushin ya tsaya gaba ɗaya, ya kuma zarce da maganar dukiyar da sabuwar amarya za ta zo da ita. Duk laifin da ya jero mata yabo ne a kunnen mai karatu, kuma shi da bakinsa ya tona wa kansa asiri ba tare da ya sani ba. A nan matar ma ta samu hali, amma mai karatu ne ya ƙwato mata shi daga bakin mai zarginta.

Don haka ka riƙa tambayar kowace waƙa: wa ke magana, da wa yake yi, a wane lokaci na soyayyar, kuma me yake so maganar ta samo masa? Akwai wata ƙaramar dabara da nake ganin amfaninta, wato ka ja layi a ƙarƙashin duk aikatau da aka jingina wa wadda ake so. Idan ka tarar ba ta aikata komai ba sai haskawa da juya baya, to ka san rubutunka a kan mai maganar zai kasance.

Tambaya: Idan waƙa ta buɗe da zancen masoyiya, ba shi ke nan jigonta soyayya ba? Kuma a wane baiti ake samun furucin jigo? (Daga wata malama)

Amsa: Malama, mabuɗin waƙa yakan yaudari mai gaggawa. Tun daga mu'allaƙar Imru'ul Ƙaisi, wato shahararriyar doguwar ƙasidarsa ta ƙarni na shida, inda mawaƙin ya nemi abokan tafiyarsa biyu su tsaya a yi kuka a kufan masoyiya, buɗe ƙasida da bege ya zama al'adar mawaƙan Larabawa, kuma masanin adabin Larabci Ibn Ƙutaiba, wanda ya rasu a 889, ya bayyana dalilin: zancen so yana kusa da kowace zuciya, don haka mawaƙi ke jawo hankalin masu sauraro da shi kafin ya shiga abin da ya kawo shi. Ƙasidar Ka'abu ɗan Zuhairu ta fara da tafiyar Su'adu da saɓa alkawarinta, ta wuce zuwa siffanta taguwa, amma inda ta dosa shi ne neman afuwa da yabon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wanda ya ce jigonta soyayya ne ya tsaya a ƙofa. Duk da haka ba na goyon bayan masu yar da mabuɗin a matsayin ado kawai, domin alkawarin Su'adu da ba ya cika, da abokan da suka janye jiki daga mawaƙin a ranar tsoro, su ne ke fito da nauyin afuwar da yake fata a wurin wanda ba ya saɓa magana.

Game da furucin jigo, babu baiti guda da aka keɓe masa, amma akwai wurin da ya kamata a fara dubawa, wato inda waƙar ta juya. A waƙar sonet mai ɗango 14, juyin yakan zo bayan ɗango na takwas a tsarin Italiya, a wurin Shekisfiya kuma sau da yawa nauyin yana faɗowa ne a ɗango biyu na ƙarshe. A cikin sonet 154 da aka buga masa a 1609, ta 18 ta fara da kwatanta abin ƙauna da ranar bazara, amma idan kika duba da kyau ba a siffanta fuskar kowa ba. Abin da aka siffanta shi ne yadda kowane kyakkyawan abu ke dusashewa, sannan aka rufe da cewa muddin mutane na numfashi wannan waƙa za ta rayu ta kuma rayar da wanda aka yi wa ita. Jigon ya fi kusa da gasar da ke tsakanin waƙa da zamani. Ta 130 kuwa ta bi kamance-kamancen da mabiya Fetraka suka gaji da maimaitawa tana rushe su ɗaya bayan ɗaya, ta ce idanun masoyiyar ba su yi kama da rana ba, kuma a ƙasa take tafiya kamar kowa, sai a ɗango biyun ƙarshe mai maganar ya rantse cewa ba ta gaza duk wadda aka yi wa ƙaryar kamance ba. Wanda ya tsaya a ɗango na 12 zai ce zambo ce.

Akwai kuma waƙoƙin da ke ɗaukar fassara biyu tun daga tushe. Malamin sufanci Ibn Arabi, wanda aka haifa a Andalus a 1165 ya rasu a Dimashƙa a 1240, ya yi wani diwani na bege wanda ya danganta da Nizam, 'yar wani malami da ya sani a Makka. Da aka soke shi a Halab cewa waƙoƙin sha'awa ne ya lulluɓe da rigar sufanci, sai ya rubuta sharhi baiti bayan baiti yana nuna ma'anonin ruhi da ya ce yana nufi. Wannan sharhi hujja ce mai ƙarfi, amma ya kamata ɗalibi ya tuna cewa bayan waƙoƙin ya zo, kuma domin kare kai aka rubuta shi. Idan irin wannan waƙa ta fito wa ɗalibanki a jarrabawa, su kawo fassarar zahiri da ɗangayen da ke goyon bayanta, su kawo ta baɗini da nata ɗangayen, sannan su faɗi wadda ta fi bayyana baitocin da ɗayar ta kasa bayyanawa.